Kebur ɗin giya a tsohuwar mota: saiti, canjin bushin, na Beljiyam ko sabo?

Duk mai tsohuwar mota da sandar giyarsa ta fara gardama, kafin ya bar bakin gareji zai ji shawara huɗu ko biyar. Wani ya ce a ɗaure noti kawai a wuce. Wani ya ce a aika Kano a sayo sabon kebur. Wani ya ce na Beljiyam ya fi sabon yanzu ƙarko. Akwai kuma wanda zai girgiza kai ya ce, "Alhaji, giyabos ɗin ne ya gaji." Wannan ta ƙarshen ita ta fi tsada, kuma sau da yawa ita ta fi nisa da gaskiya. Motoci da dama an sauke musu giyabos mai lafiya a banza, alhali wata 'yar roba ce da ake kira bushin, wadda ba ta kai girman goro ba, ta farfashe a bakin kebur.

Na rubuta wannan ne domin wanda ke riƙe da irin su Carina E, Corolla da Camry na shekarun 1990, ko tsohuwar Honda Accord, yana Birnin Kebbi ko Argungu ko Yauri, yana son ya san wace hanya ta dace da motarsa da aljihunsa.

Fara tabbatar da cewa motarka kebur gare ta

Ba kowace tsohuwar mota ke da shi ba. Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, da sandunan ƙarfe giyarta ke aiki. Haka Marsandi W123 da aka fara ƙerawa a 1976, haka mafi yawan Golf 3 masu ƙaramin inji da suka cika tashoshinmu. Waɗannan maganarsu ta bushin ce da saitin sanda, babu kebur ɗin da za a saya. Idan wani ya ce maka kebur ɗin giyar 504 ɗinka ya tsinke, ka ce ya nuna maka shi.

Motar da ke da shi kuwa, aikinsa irin na wayar birkin keke ne: waya ce ta ƙarfe a cikin kube, sai dai wannan tana ja kuma tana turawa. Bakinta ɗaya yana ƙarƙashin sandar giya, ɗayan yana maƙale da wani ɗan hannun ƙarfe a jikin giyabos. Atomatik kebur ɗaya gare ta. Manuwal mai jan gaba yawanci biyu: ɗaya na kai sanda gaba da baya, ɗaya na dama da hagu. Tsofaffin atomatik suna da wani siririn kebur daban da ya taso daga wajen totur zuwa giyabos, wanda ya shafi ƙarfin man giyabos da lokacin canjin giya. Wannan ba shi muke magana ba, kuma kada yaron gareji ya taɓa saitinsa da sunan gyaran sanda.

Gwajin da ke raba gardama

Kafin a kashe ko kwabo, akwai gwajin da ba ya cin rabin awa. A ajiye mota a wuri mai daidai, a ja hambirki, a sa weji gaba da bayan taya, a kashe inji a bar salansa ta huce. A cire bakin kebur daga hannun giyabos. Sai a kama wannan hannun a motsa shi da yatsu. A atomatik, idan yana faɗawa ƙas, ƙas, ƙas, daki-daki, daga P zuwa R zuwa N zuwa D har ƙarshe, to cikin giyabos ba shi ne mai laifin gardamar ba. Daga nan wani ya shiga mota ya motsa sanda, kai kana kallon bakin kebur. Idan yana fita yana komawa sumul gwargwadon motsin sanda, kebur na da rai. Idan sanda na da nauyi alhali an raba ta da giyabos, cikin kube ya ci ko ya yi tsatsa. Idan sanda na tafiya sakaka amma bakin bai motsa ba, ko waya ta tsinke, ko ta kuɓuce daga ƙarƙashin sandar.

Ina roƙon mai karatu kada ya raina maganar weji. Da zarar an fitar da hannun giyabos daga P, babu abin da ke riƙe da motar sai hambirki, kuma kowa ya san yadda hambirkin tsohuwar mota yake. Mutum na kwance a ƙarƙashi, mota ta gangaro, ba a ko son tunaninsa.

Ma'aunan da za mu auna da su

Na farko kuɗi, amma kuɗin gaba ɗaya: na kaya, na aiki, na aike daga Sakkwato ko Kano, da kwanakin da mota za ta yi a ajiye. Farashin kayan mota yana bin dala, abin da aka saya bara ba shi ne na bana ba, don haka zan jera su ne daga mai araha zuwa mai tsada.

Na biyu ƙarko, kuma ƙarko a ƙasarmu. Zafin watan Afrilu a Birnin Kebbi yana haura digiri 40, balle ƙarƙashin bonet kusa da salansa. Roba na bushewa ta yi ƙwari ta fashe. Hunturu ya kawo ƙura, damina ta kawo ruwan da mota ke kutsawa a hanyoyin fadama. Idan 'yar robar da ke rufe bakin kube ta yage, ƙura da ruwa su shiga su zauna.

Na uku sauƙi: samun kayan, da kuma ko aikin na wanda mai mota zai iya da sifana da filaya ne, ko sai an hau rami.

Na huɗu haɗari, wanda ni a wurina ya fi sauran nauyi. Kebur marar saiti a atomatik yana jawo abu uku. Sanda na nuna P amma ƙugiyar da ke kulle giyabos ba ta shiga ba, mota ta gangara bayan an fita. Ko kuma sanda na kan D amma bawul ɗin da ke raba mai a ciki ya tsaya tsakanin gida biyu, ƙarfin mai ya ragu, faifan kuloci na ciki su riƙa sulɓi har su ƙone. A nan ne ƙaramar matsala ke zama mutuwar giyabos ta gaske. Na uku ya shafi makunnin da ke hana mota tashi sai a P ko N. A Toyota yana jikin giyabos, shi ya sa idan saiti ya goce sai ka murɗa makulli ka ji shiru, har sai ka girgiza sanda. A wasu motocin kuwa, ciki har da wasu Honda na farkon shekarun 1990, makunnin yana wajen sanda ne. Irin waɗannan idan kebur ya kuɓuce giyabos na kan D, ka mayar da sanda P, mota za ta yarda ta tashi, kuma za ta zabura gaba.

Zaɓi na ɗaya: saiti kawai

Shi ya fi komai araha, kuɗin aiki ne kaɗai, wanda ya iya ma ba zai biya kowa ba. Ya dace idan kebur na tafiya sumul, bakunansa ba su da sako-sako, amma alama ta goce: ka sa D sai ka ɗan ƙara ja kafin ta kama, ko fitilar ribas na kamawa a tsakanin R da N. Yakan faru bayan an sauke giyabos ko an canza injin-sit, wato robar da inji ke zaune a kanta.

A tsofaffin Toyota atomatik hanyar a bayyane take. A kwance notin da ya ɗaure kebur da hannun giyabos. A tura hannun har ƙarshe ɓangaren P, a dawo da shi ƙas biyu, wato N ke nan. A sa sandar cikin mota a N, wani ya ɗan dafa ta kaɗan wajen R, sannan a ɗaure noti. Honda na wancan zamani nasu saitin a cikin mota yake, ƙarƙashin murfin robar da ke tsakanin kujeru: ana zare wani ɗan fil, a murɗa abin saiti har raminsa ya yi daidai da ramin kebur, a mayar da fil ba tare da an tilasta shi ba. Wasu motocin a P ake saita su. Ka'idar dai ɗaya ce, sanda da giyabos su kasance a gida ɗaya kafin a ɗaure.

Kafin ka kwance noti, ɗiga masa ɗan fenti ko ka ja layi da ƙusa a inda yake. Idan aiki ya rikice kana da wurin komawa.

Ƙarkon saiti ya dogara da dalilin gocewar. Idan noti ne ya saki, an gama. Idan kuwa bushin ne ya ci, saitin sati biyu ne, zai sake gocewa, domin ramin da ke wasa yana nan. Haɗarinsa ke nan: yana rufe ciwo. A yawancin manuwal na Japan ma babu wurin saitin kwata-kwata, tsawon kebur ɗin ƙayyadadde ne, idan giya ta fara ɓata sai a duba bushin.

Zaɓi na biyu: canza bushin da kilif

A nan nake son mai karatu ya fi tsayawa, domin a ganina mafi yawan motocin da ake cewa kebur ɗinsu ya mutu, nan matsalarsu take. Bakin kebur zobe ne na ƙarfe, a cikinsa akwai 'yar roba mai tauri da ke rungume fil ɗin hannun giyabos. Idan ka leƙa na motar da ta shekara talatin, za ka tarar robar ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, ta tsattsage, ka taɓa ta da farce ta marmashe. Wani lokaci babu ita ma sam, zoben na rawa a kan fil, yana ƙwal-ƙwal duk lokacin da aka taɓa sanda. Wayar kanta kuwa lafiya lau.

Kuɗin bushin kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da kebur. Wahalar ita ce kamfanoni da yawa ba sa sayar da shi shi kaɗai, sai da kebur ɗin gaba ɗaya, shi ya sa mai shago zai ce maka babu. Mafita uku ce. A ciro daga wani mataccen kebur wajen masu kayan gwangwan, wanda shi ma ya tsufa amma yakan ɗan kai. A sayo na kasuwa da ake yi musamman domin wannan. Ko a kai wa mai injin fere ƙarfe ya fere sabo daga farar roba mai tauri ko tagulla, daidai da awon fil da zobe. Wanda aka fere da kyau yakan daɗe fiye da yadda ake zato. Na tagulla ba ya jin zafi, sai dai yana ɗan kawo ƙara da jijjiga zuwa hannu, kuma yana son ɗigon giris lokaci-lokaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yanko robar tayar mashin ko guntun tiyo a cusa. Yana laushi da zafi, sanda ta koma sakaka cikin wata guda.

Tare da bushin a duba kilif mai siffar kofaton doki da ke riƙe kube a jikin ƙarfen da ke kan giyabos. Idan ya fita ko ya buɗe, kube gaba ɗaya ke tafiya maimakon wayar ciki, alamar kuma daidai take da ta tsinkewa. Sau tari kilif ɗin na nan kwance a kan giyabos cikin baƙin mai da ƙura, a ɗauko a mayar.

Aikin mai sauƙi ne. A wasu motocin sai an cire batir ko akwatin iska kafin hannu ya kai. Haɗarinsa kaɗan ne matuƙar an mayar da washa da fil ɗin kulle, an kuma yi saiti bayan an gama. Iyakarsa ita ce ba ya warkar da kebur mai nauyi ko wanda zafi ya narkar.

Zaɓi na uku: na Beljiyam

Idan gwaji ya nuna kebur ɗin kansa ne, yawancin mutanenmu nan suke nufa, kuma suna da hujja. Na kamfani ne na asali, an ciro shi daga motar da ta yi rayuwarta a ƙasa mai sanyi, bakunansa da maƙalansa daidai suke da na motarka. Kuɗinsa matsakaici. Na Corolla da Carina da Camry ba ya wuyar samu, idan babu a gari akwai a Sakkwato, akwai a Kofar Ruwa a Kano, akwai a Panteka a Kaduna, direban mota ya kawo maka washegari ko jibi.

Amma a tuna shekarunsa ɗaya da wanda ka cire. Ƙasashen sanyi kuma suna zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, don haka tsatsa ita ce cutar kayansu. Dole a duba shi da hannu, ba a hoto ba. Ka riƙe shi a miƙe ka tura wayar ciki, kusan kowanne zai tafi. Gwajin gaskiya shi ne ka lanƙwasa shi kamar yadda zai zauna a mota, sannan ka tura ka ja. Idan ka ji yana ci ko yana tsayawa a wani wuri, ajiye shi. Ka bi jikin kube da yatsa kana neman kumburi ko wurin da ya narke ko ya karye. Ka duba robobin baki, ka duba bushin. Ka shimfiɗa shi gefe da gefe da tsohon naka a ƙasa, ka gwada tsawon kube daban, tsawon wayar da ke fita daban, domin ana samun biyu da tsawonsu ɗaya amma tazarar tafiyarsu ta bambanta.

Akwai tarko biyu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinmu sitiyarinsu na hagu. Kayan gwanjo kuwa har da na motocin Ingila da Japan masu sitiyari a dama, kuma kebur ɗinsu kan bambanta a tsawo ko a hanyar da yake bi. Na biyu, ba duk abin da aka wanke da fetur aka shafa wa mai ne na Beljiyam ba. Wani daga motar da ta mutu a nan gida aka ciro shi, ya sha zafin da naka ya sha. Ka sayi a hannun wanda zai karɓa idan bai yi ba, a yi wannan magana kafin kuɗi ya fita.

Zaɓi na huɗu: sabo na kamfani

Shi ne mafi ƙarko kuma mafi tsada, yakan ninka na Beljiyam. Idan ka same shi ka sa, ka manta da maganar shekaru masu yawa. Matsalar ita ce samu. Motar da aka daina ƙerawa tun kafin 2000, kamfani kan daina yin wasu kayanta, sai abin da ya rage a rumbunan dillalai a Legas ko Dubai. Jira na iya kai makonni.

Da lambar shasi ake nemansa, ba da sunan da muke kiran mota da shi a tasha ba. Lambar kayan Toyota alƙaluma goma gare ta, kuma ta kebur ɗin giya tana farawa da 33820, na manuwal kuma akwai 33821 da 33822. Sanin wannan kaɗai yana hana a miƙo maka wani abu daban. Kwali mai tambarin kamfani ba shaida ba ce, jabu ma da kwalinsa yake zuwa. Idan aka ce maka orijina ne sabo amma kuɗinsa ya yi kusa da na gwanjo, to akwai magana.

Zaɓi na biyar: sabo na kasuwa

Wato wanda wasu kamfanoni suka kwaikwaya. Nan babu hukunci ɗaya, akwai mai kyau akwai na banza, kuma a ido duk sabbi ne masu ƙyalli. Kuɗinsa yakan zo kusa da na Beljiyam, wani lokaci ƙasa. Inda marar kyau ke tona kansa shi ne wurin da aka matse ƙarfen baki a kan waya, da kaurin kube, da robobin da ke taurara cikin rani ɗaya. Wani kuma tsawonsa ya ɗan saɓa, har ramin saiti ya ƙare bai kai ba, sai ka ga bakanike ya fara lanƙwasa ƙarfen maƙali don ya tilasta shi. Da ka ga an ɗauko guduma saboda sabon kebur, ka dakatar da aikin, ba na motar ba ne.

Fa'idarsa ta gaske ita ce robobinsa da cikinsa sabbi ne, babu tsatsa. Ga motar da na Beljiyam ɗinta ya yi wuya, shi ne abin da ya rage.

Zaɓi na shida: ɗaurin waya, walda da haɗe-haɗe

Kebur ya kuɓuce maka tsakanin Koko da Yauri da yamma, babu laifi ka ɗaure bakinsa da waya ka lallaɓa zuwa gari. Kai ko da hannu ma ana iya sa giyabos a D, wani na zaune ya take birki, a isa inda za a isa. Wannan dabarar fita daji ce. Abin da ke damuna shi ne yadda ɗaurin kwana ɗaya ke zama na shekara.

Walda a kan wayar da ta tsinke kuwa ba ta da amfani. Zafin wuta na kashe ƙarfin zaren ƙarfen, ya narkar da santsin cikin kube, ta sake tsinkewa dab da inda aka yi ta. Haka ɗauko na wata mota a yanke a ƙara. Araha ce a ranar farko, amma ita ce kan gaba a haɗari, domin ba ta ba da sanarwa kafin ta saki, kuma tana iya sakin ka kana tsakiyar juyawa a kan titi.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Saiti kawai | Mafi araha | Mai kyau idan babu abin da ya ci | Mai sauƙi | Yana iya rufe ciwo |
| Bushin da kilif | Kaɗan | Mai kyau | Mai sauƙi, samun bushin ne aiki | Kaɗan |
| Na Beljiyam | Matsakaici | Ya danganta da wanda ka zaɓa | Ana samu | Tsatsa, kuskuren tsawo |
| Sabo na kamfani | Mafi tsada | Mafi daɗewa | Wuyar samu, jira | Jabu |
| Sabo na kasuwa | Matsakaici | Babu tabbas | Ana samu | Saɓanin awo |
| Ɗauri da walda | Kaɗan | Babu | Nan take | Mafi girma |

Cirewa da sakawa, ko wanne ka saya

Zaɓi na uku zuwa na biyar duk aikinsu ɗaya ne. A cire kan batir na jiki. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton hanyar da tsohon ya bi da wayar hannu, ta sama da ta ƙasa, domin rabin lalacewar sabon kebur daga bin hanyar da ba tasa ba ne. A cire bakin giyabos, a zare kilif. A shiga ciki a ɗaga murfin tsakanin kujeru a hankali, robar tsohuwar mota ba ta jure fizga. A zare fil ɗin ƙarƙashin sanda, a kwance faifan da ya toshe ramin da kebur ke ratsa jikin mota. Kafin a zaro tsohon, a ɗaura igiya a bakinsa, idan ya fita igiyar ta zauna a hanyarsa, da ita za a jawo sabon. Kada a karya shi a kwana mai tsanani, kada a bar shi ya jingina da salansa, a mayar da duk maƙalai da faifan kare zafi idan akwai. Robar da ke toshe ramin jiki ta zauna daidai, in ba haka ba ƙura da hayaƙi za su riƙa shigowa cikin mota.

Abu biyu ke kashe sabon kebur da wuri, kuma ba a cika duba su ba. Ɗaya injin-sit da ya mutu: inji na tsalle, yana fizgar kebur duk lokacin da aka taka totur. Ɗayan kuma wayar da ke haɗa inji da jikin mota domin wuta ta koma batir. Idan ta tsinke ko an manta ba a mayar ba bayan wani gyara, wutar kik mai ƙarfi sai ta nemi hanya, ta bi ta kebur ɗin giya, ya yi zafi ya narke daga ciki. Idan ka tarar da tsohon naka ya ƙone alhali ba ya kusa da salansa, ka kira rewaya kafin ka sa wani.

Bayan saiti kada ka karɓi makulli sai an yi gwaji a gabanka, ƙafa na kan birki. Mota ta tashi a P, ta tashi a N, ta ƙi tashi a R da D da sauran. Fitilar ribas ta kama a R kaɗai. Sanda ta kai har L ba tare da an danne ta ba. A kai ta ɗan gangare a sa P a saki birki a hankali, a ji ta ɗan motsa ta tsaya cak. A manuwal kuma a bi giya ɗaya bayan ɗaya har ribas, inji a kashe, sannan inji na aiki.

Wanne ya dace da wa

Idan sandarka na tafiya da sauƙi, alama ce kawai ta goce, musamman bayan wani gyara, saiti ya ishe ka. Idan sandar ta yi sakaka ko tana ƙara, ko ta kuɓuce gaba ɗaya amma wayar na motsi, bushin da kilif ne, sannan saiti, kada ka bari a sayar maka da kebur.

Direban haya da ke Birnin Kebbi zuwa Jega ko Kamba kullum, wanda kwana ɗaya a ajiye asara ce, na Beljiyam ya fi masa, da sharaɗin ya duba da hannunsa ko ya tura bakanikensa da tsohon a leda, kuma a sa masa sabon bushin tun kafin a ɗaura. Wanda motar ta gado ce ko yake ji da ita, yana da wata ta hawa, ya jira sabo na kamfani da lambar shasi, kuɗin ba zai tafi a banza ba. Motar da iyali ke tuƙawa, uwargida ko yaro mai koyo, ban ba da shawarar komai ƙasa da na kamfani ko na Beljiyam mai kyau ƙwarai ba, domin su ba su san dabarar girgiza sanda ba, kuma bai kamata su sani ba.

Wanda motarsa ba ta da yawa a ƙasar nan, an nema a Kano da Kaduna an rasa, ya ɗauki sabo na kasuwa, ya gwada shi da tsohon a ƙasa kafin ya biya, ya riƙa leƙa bakinsa duk lokacin juyen baƙin mai. Wanda kuma ke shirin sayar da motar, ya yi bushin ko na Beljiyam ya faɗa wa mai saye abin da aka yi. Kada ya miƙa wa ɗan'uwansa mota da ɗaurin waya a ɓoye ƙarƙashin akwatin iska.